Fankar lagireto ta ƙi tashi, mota na zafi a gosulo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mini da shawara.

Corolla ce gare ni ƙirar 2005. A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take tafiya, amma da na shiga gosulo sai allurar zafi ta fara hawa. Shekaranjiya har na ji ruwa na tafasa, dole na faka na jira ta huce. Na buɗe bonet injin na aiki, fanka shiru, ba ta juyawa sai in na kunna AC.

Na duba fiyus, bai ƙone ba. Na sayi sabon murfin lagireto, ruwa kuma ba ya raguwa, ƙasa a bushe take da safe.

Wani bakanike ya ce a haɗa wayar fankar kai tsaye da makulli, a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron illa ga injin, kuma da motar nan nake kai yara makaranta.

Na'urar auna zafin da ke sa fanka ta tashi ce ta mutu, ko rile, wato ɗan makunnin da ke ba fankar wuta? Yaya zan gwada su a gida kafin in kashe kuɗi?