Kano zuwa Damagaram a motar haya: wace tasha, wace takarda, wane kuɗi?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. An sa ɗaurin auren abokin cinikinmu a Damagaram nan da mako uku, ranar Asabar. So nake in je in kwana biyu in dawo. Da motata na yi niyyar shiga, sai aka lissafo min takardar shigar da mota da inshorar ƙetare, na ga don kwana biyu wahalar ba ta biya ba. Motar haya zan bi. A wace tasha ake hawa, ta wace boda ya fi, wace takarda ake nema yanzu, kuma a ina ya fi in yi canji? Allah Ya saka da alheri.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka bi ta Daura. Hanyar ita ce Kano, Kazaure, Daura, sai Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, kusan kilomita 130 daga Kano. Kana tsallakawa ka shiga Ɗan Barto, sai Matamai, Kance, ka haɗu da babban titin Maraɗi a Takeita, ka karya dama zuwa Damagaram. Gaba ɗaya tafiyar ba ta wuce kilomita 240 da wani abu ba. Akwai ta Ɓaɓura zuwa Magarya, amma motocin Daura sun fi yawa, kuma ga baƙo yawan mota shi ne rufin asiri. Ta Jibiya kuwa hanyar Maraɗi ce, zagaye ne a wajenka.

Motocin wannan layi a Tashar Kuka da Ƙofar Ruwa ake samu. Kada ka bari sai ranar tafiya. Ka leƙa tun ana gobe da yamma, ka nemi ɗan kamasho ka yi masa tambaya uku: akwai mai zarcewa Damagaram ko a boda take juyowa, ƙarfe nawa motar farko take cika, kuma kuɗin da ya faɗa har da na kaya ne ko ban da shi. Tambayar farko ita ce mai muhimmanci, don ana iya ce maka "Damagaram ce", ka biya kuɗin kai tsaye, a Kwangwalam direba ya miƙa ka ga wata mota, can kuma a ce ba a san da maganar ba. In haɗin mota za a yi, a faɗa a gabanka wa zai biya ta biyun.

Ka isa tasha da an idar da Asuba. Motar haya ba ta san agogo ba, cika ta sani. Ta farko takan cika da wuri saboda 'yan kasuwa, ta uku ko ta huɗu sai ka shafe awa biyu ana jiran mutum ɗaya. Kuma ka duba waɗanda ke zaune a ciki: in ba su da jaka, ba su da leda, sai hira suke da direba, akwai yiwuwar an zaunar da su ne don a ga kamar mota ta kusa cika. Ƙananan motoci irin su Golf gaba biyu ake sawa, baya huɗu. In kana da hali ka biya kujerar gaba duka, gwiwarka za ta gode maka. Tuƙin kansa awa huɗu zuwa biyar ne, amma da shingaye da boda ka ƙaddara wuni guda. Ka tafi ranar Alhamis ko Juma'a da sassafe, ba Asabar ɗin ba.

Malam Na-Fagge:
Abin da Baban Ummi ya faɗa kan hanya daidai ne. Sai dai, Malam, yawancin waɗanda tafiya ke ɓaci musu ba mota ce ke ɓata ta ba, takarda ce.

Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, to amma tun watan Fabrairun 2025 aka riƙa samun rahoton ana mayar da masu riƙe da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS kaɗai. Don haka fasfo za ka riƙe, wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya mutu. Kada ka dogara da takardar NIN ko katin zaɓe don an ce wane ya wuce da su. Mutanen garuruwan boda da aka san fuskarsu daban, kai da za ka ratsa shingayen jandarma har Damagaram daban.

Na biyu katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Ana biya ta intanet, a yi allurar a karɓi katin a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10, shi ya sa mako ukun nan naka bai yi yawa ba, ka je cikin satin nan. In ka taɓa yi, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, haka ƙa'idar take tun 2016. Katin da ake yi wa mutum a bakin tasha ba allura, wannan sayen rigima ne da kuɗinka.

A boda sau biyu za ka sauka: jami'an shige da fice na Najeriya su buga hatimin fita, 'yan sandan Nijar su buga na shiga. Kada ka bar tagar sai ka buɗe fasfon ka ga hatimin da kwanan watan da idonka. Za ka ga 'yan acaɓa suna cewa su zagaya da kai ta bayan gari ba tsayawa. Shigar takan yi sauƙi, amma a shinge na gaba ko ranar dawowa, in aka nemi hatimin shiga babu, ba ka da bakin magana. Ka riƙe katin gayyatar auren, da sunan unguwa da lambar mai masaukinka a rubuce a takarda, don za a tambaye ka wajen wa za ka. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a boda ko a shinge. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka da girman Allah. Abin da aka samu a ƙarƙashin ƙafarka naka ne.

Abu na ƙarshe, ka saurari labarai ana jibi tafiya. Bodar Najeriya da Nijar an rufe ta a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka fara buɗewa, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, canji a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, za ka yi kafin ka tashi. A boda ma akwai 'yan canji, amma sun san ba ka da zaɓi. Ka tambayi mutum uku farashi kafin ka miƙa kuɗi. Ka ce sefar Nijar kake so, domin sefa iri biyu ce: ta Kamaru da Cadi daban take, ba a cinikin yau da kullum da ita a Damagaram. Kada ka yarda a cika maka hannu da 'yan 10,000. Ka nemi 'yan 500, 1,000 da 2,000, saboda ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓansu, da mai shayi ba su da canjin babbar takarda. Mai yagewa ko wadda aka liƙe da salatif ka mayar masa.

Sai lissafi, inda Kanawa ke shan kunya duk da Hausa ɗaya muke ji. Can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai ruwa ya ce maka "ashirin", sefa 100 yake nufi. In ɗan kabu-kabu ya ce "ɗari", takardar 500 zai karɓa. "Jikka" ita ce 1,000. Duk abin da aka faɗa ƙasa da jikka, ka ninka shi sau biyar. Kafin ka hau, ka fito da kuɗin ka nuna masa, ka ce wannan ko?

Tiransifa da katin ATM na naira kada ka sa su a lissafi. In kuɗi ya yanke, akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana a ko'ina cikin gari, amma sai wani ya zuba musu sefa. Ka raba kuɗin gida biyu, ka ware nairar motar dawowa daga Kwangwalam a wani aljihu daban. Layinka na Najeriya zai ɗauke jim kaɗan bayan boda in ba ka buɗe masa romin ba, kuma romin ɗin yana cin kati. Don kwana biyu ka sayi layin Airtel ko Moov na can da fasfonka. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, caja mai ƙafa uku ba za ta shiga ba, ka sayi adafta tun a nan.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Saura ɗaya: in na dawo ranar Lahadi, zan iya riƙo tsaraba, ko kwastan za su tsare ni?

Baban Ummi:
Kilishi, dabino, cuku, abin da ke shiga jakar hannu, ba mai kula ka. Shinkafar waje ce dai kada ka taɓa ko da kwano biyu ne, an hana shigo da ita ta bodar ƙasa, kuma ita ake nema a kowane shinge daga Kwangwalam har Kazaure. Motar da ka ga an danƙare but ɗinta da buhuna, bar ta ta wuce, ka jira ta gaba. Lahadi ranar kasuwar Mai'aduwa ce, mota ba za ta yi maka wuya ba, amma cunkoso zai yi yawa. Ka bar Damagaram kafin ƙarfe 7, ka tsallake boda kafin Azahar, La'asar ta same ka a Kano.