Masu gajerun finafinan barkwanci a Zariya: wa aka taɓa tarewa a ce "da ni kake"?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ban da na ji an ce. Ka yi fim na shaguɓe, ba ka kama sunan kowa ba, sai ga mutum ya taso wai da shi kake. Yaya kuka ƙare? Nawa na kansila ne. Bayan cire tallafin mai a 2023 mun yi wani na minti huɗu a kan rabon kayan tallafi: an kawo buhun shinkafa guda, kowa ya zo ya dafa shi a ɗauki hoto, yana gamawa a ce "na gaba", daga ƙarshe a mayar da buhun but ɗin mota. Kafin la'asar wani tsohon kansila ya aiko a kira ni, wani mai ci kuma ya kira mahaifina. Kowannensu ya rantse hularsa ce jarumin ya sa. Hular kuwa aro ce daga maƙwabci.

Mai Kyamara, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni ba jarumi ne ya jawo mini ba, ƙofar gida ce. Labarin mai gidan haya ne da yake ƙara wa ɗalibai kuɗi duk lokacin da ya ji an soya ƙwai a ɗaki. Wani dattijo ya ba mu aron ƙofar gidansa da zuciya ɗaya, har ya sa aka kawo mana ruwa. Ashe shi ma yana da 'yan haya a baya. Fim na fita yara suka fara kiransa da sunan da muka sa wa jarumin. Sai da na ɗauki kawuna muka je muka durƙusa, na sauke fim ɗin. Yanzu in zan ɗauki waje, bango nake nema wanda ba fenti, ba lamba, ba shago a gefe. Garin nan kowa ya san zauren kowa.

Maman Biki, Sabon Gari:
Ku naku da sauƙi, na waje ne. Ni uwar adashi na fito, wadda in ranar kwasa ta zo sai ta kwanta ciwon kai, ta ɗaure goshi da ɗankwali, tana amsa sallama da ƙyar. Gwaggona tana riƙe da adashin unguwa. Ban taɓa jin ta ci kuɗin kowa ba, amma ɗaurin ɗankwalin nan nata ne sak, don a wurinta na gani tun ina yarinya. Har sallah ta wuce ba ta amsa gaisuwata. Abin da ya sasanta mu kashi na biyu ne, inda na juya kan masu zubi da ba sa biya a kan lokaci. Wannan kam ita da kanta ta dinga tura wa mutanenta a WhatsApp.

Tsohon Ɗan Wasan Daɓe:
'Ya'yana, abin nan ba ku kuka fara ba. A wasan gauta matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa, shi yana zaune yana kallo. 'Yan kama suna kwaikwayon karatun malamai, su mai da shi zancen tuwo da miya. Tashe ma daga goma ga azumi shaguɓe ne, gwauro ya sha nasa, mai rowa ya sha nasa. A nan jami'ar Ahmadu Bello, tun shekarun 1970 masu nazarin wasan kwaikwayo suke fita cikin Samaru da ƙauyukan kusa irin su Bomo, su ji damuwar mutane, su mai da ita wasa a gabansu. Na taɓa fitowa a dillalin taki, dillalin gaske yana tsaye cikin 'yan kallo. Ya yi dariya, ya zage ni, aka watse. Bambancin ke nan: namu a dandali yake ƙarewa, wanda aka taɓa yana nan ana kallon idonsa, shi ma yana iya mayar da martani. Naku yana cikin wayar surukansa har shekara ta zagayo.

Ɗalibin Lauya, Kongo:
Baba ya yi gaskiya, kuma ga doka. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya shafi saƙonnin da ake turawa a intanet, aka kuma yi masa gyara a 2024. Ni nake duba wa abokaina labari kafin su ɗauka. Abin da nake gogewa: suna, inkiya, lambar mota, tambarin jam'iyya, da kwaikwayon muryar wani sananne. Hali dai a taɓa shi yadda ake so.

Editan Kwangila:
Barista, in an bi taka sai miyar ta zama lami. Kuma lissafi ne yake tura yara su kama suna. A finafinai irin namu, YouTube ba ya fara biyanka kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Fim mai minti huɗu, sai an kalle shi har ƙarshe sau 60,000 ke nan. Wanda ya ambaci babban mutum yana samun wannan a mako, mai shaguɓe da hankali yana nan yana ƙirga ɗari biyar.

Amma ni ma ba na kama suna, kuma hakan bai hana ni shiga uku ba. Mun yi na wani ɗan takara da yake kuka a gaban jama'a, yaronsa na ɓoye a bayan kujera yana yanka masa albasa. Wani ya yanke daƙiƙa ashirin daga ciki, ya cire sunanmu da ke kusurwa, ya rubuta sunan wani ɗan siyasa a sama, ya watsa ana saura kwanaki zaɓe. Yaran mutumin har shagon da nake tace fim suka zo. Abin da ya cece ni cikakken fim ɗin ne da ranar da aka ɗora shi, wata biyar kafin jam'iyyarsu ma ta tsayar da shi. Tun daga nan a tsakiyar hoto nake sa tambarinmu, yana yawo daga hagu zuwa dama, ko da ya ɗan ɓata kyan hoton.

Maman Biki, Sabon Gari:
Malam Edita, wannan tambarin mai yawo a manhajar CapCut ta waya ake yinsa ko sai da kwamfuta? Ina da na masu rabon anko da zan saki ranar Juma'a, kuma akwai aƙalla mata uku a danginmu da za su ce da su nake.