Abin da muka tsinta a hirar kamfanonin da ake zargi da hannu a yaƙi

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Gadarif a Sudan maganar Lundin ta taso, kamfanin man Suwidin nan da aka fara shari'ar manyansa biyu a Stockholm tun 2023, ana zarginsu da taimaka wa laifukan yaƙi a kudancin Sudan tsakanin 1999 da 2003, su kuma sun ce sam ba ruwansu, haƙar mai kawai suka zo yi.

Baffa ya ce musun kamfani ba ya wanke shi, zargi ma ba hukunci ba ne, a bar kotu ta yi aikinta, kar mu riƙa tura duk abin da muka gani a WhatsApp. Ni dai a nan na fi tsayawa gaskiya.

Masu zuwa haƙar zinari aka fi ja wa kunne, ka san wa ke da kamfanin kafin ka karɓi aiki ko ka sayar musu, ka riƙe rasit, don Al Junaid ma, kamfanin Sudan mai harkar zinari, Amurka ta sa masa takunkumi a 2023 saboda alaƙarsa da Da'amus Sari, wato dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan. Direbobi kuma kar ka ɗauki kayan da ba ka ga cikinsa ba, komai daɗin kuɗin.