Allon shago a Kano: abin da masu sana'a suka ce

A wata hira da ta haɗa masu shaguna da masu rubutun allo a Kano, an fi daɗewa a kan magana ɗaya: allo na wanda ke wucewa a cikin adaidaita sahu ne. Daƙiƙa biyu gare shi. Don haka sunan shago da abin da ake sayarwa su fito da manyan baƙaƙe, lambar waya ɗaya ta isa. Wanda ya jera kaya goma a allo, babu wanda zai karanta ko ɗaya.

Sai batun launi. A Farm Centre, kasuwar wayoyin hannu ta Kano, tun daga nesa rawaya take nuna MTN, kore Glo, ja kuma Airtel, ba a kai ga karanta komai ba. Shawarar ita ce ka zaɓi launi biyu ka riƙe, a allo da leda da rasit.

Masu fenti sun kare sana'arsu, kuma ina ganin suna da gaskiya. Bana (banner) da aka buga da inji tana da arha, amma ranar Kano da ƙurar hunturu suna koɗar da ita, fentin mai a bango kuwa yana jimrewa. Zanen kawuna a ƙofar mai aski yana yi wa wanda bai iya boko ba bayani, haka ma layin ajami a ƙasan suna.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin sa ƙugiya a haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ. Mai sayar da ƙofa da ya rubuta "kofa" ya rage wa allonsa daraja. A ba wani ya duba rubutun kafin a biya mai fenti.