Zan je farauta Afirka ta Kudu, in tafi da bindigata ko in yi haya a can?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa fita waje farauta. Ni a Kumasi nake, ina sai da kayan mota a Magazin, to akwai wani abokin harkata ɗan Afirka ta Kudu da muka daɗe muna ciniki, shi ne ya gayyace ni mu je wata gonar namun daji a Limpopo cikin watan Yuli, kwana biyar, ya ce za mu nemi kudu da impala, namun daji ne na can dangin barewa. Tunda yanzu ba ma buƙatar biza (tun Nuwamba 2023 aka cire mana, kwana casa'in a shekara) sai na ce bismillah.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne bindiga. Masu gonar sun ce in ina so su ba ni haya, dala arba'in a rana, harsashi kuma kowane ɗaya da kuɗinsa daban. Ni kuma akwai raiful ɗin mahaifinmu Allah ya jiƙansa, ƙirar Brno ce mai cin harsashi .30-06, tun ina yaro nake ganinta a bayan ƙofarsa, kuma wallahi raina yana so a ce da ita na harbi naman nan ba da ta wani bature da ban sani ba. Banda ita ina da mai baki ɗaya ta Rasha wadda nake zuwa daji da ita wajen Ejura neman zabi da akrante. In ka lissafa kuɗin hayar a sidi ba ƙarami ba ne fa. Me kuka gani?

Alhaji na Nima

Wa alaikumus salam. Malam na je sau biyu, sau ɗaya da tawa sau ɗaya haya, bari in faɗa ma yadda abin yake sai ka zaɓa.

Da farko ka ajiye mai baki ɗayan nan a gida, wannan ta zabo ce, kudu namiji ya kai girman ɗan bijimi kuma ba zai tsaya ka matso taku ashirin ba. Maganar Brno ake. .30-06 kam ta isa duk abin da ka lissafa, babu gardama, ɓauna ce sai an koma .375 ko sama da haka.

Wahalar tana wurin takarda. Nan gida sai lasisinka yana da rai, ka san namu duk 31 ga Disamba yake mutuwa a sabunta, sannan ka nemi izinin fita da ita da izinin dawowa da ita, wannan ta wurin 'yan sanda da ma'aikatar cikin gida ake bi, ba abin da za ka fara saura sati biyu ba ne, ni wata uku kafin tafiya na fara zirga-zirga. Kar ka raina takardar dawowar, mutane suna mantawa da ita, ka fita da kayanka lafiya ka dawo filin jirgin Akara ka kasa shigo da shi.

A can kuma akwai fom da ake kira SAPS 520, shi ne izinin shiga da bindiga na ɗan lokaci. Da baƙin biro ake cikawa, kuma kar ka sa hannu sai a gaban ɗan sandan da ke ofishinsu na filin jirgin OR Tambo a Johanasbag. Za su so fasfo, tikitin dawowa, wasiƙar gayyata daga masu gonar, takardar da ta nuna bindigar taka ce, da izinin fitarwa na ƙasarka. Za su buɗe akwati su duba lambar da ke jikin ƙarfen, in harafi ɗaya ya saɓa da na takarda to ka shiga uku. Ba sa yarda da bindiga biyu masu harsashi iri ɗaya, ba sa yarda da mai sarrafa kanta, harsashi kar ya wuce 200 ga kowace bindiga, kuma sai ka kai shekara 21. Izinin kansa kyauta ne, amma akwai kamfanoni da ake biya su nema maka tun kafin ka sauka su tare ka a filin jirgi, ni na biya kuma ban yi nadama ba.

Sai jirgi. Akwati mai ƙarfi mai kwaɗo, bindiga babu harsashi a ciki, harsashi a nasa kwalin daban kar ya wuce kilo 5, kuma ka sanar da kamfanin jirgin kwana biyu ko uku kafin ranar, wasu suna cajin kuɗi a kai wasu ma ba sa ɗauka sam. Ka nemi wanda zai tashi daga Akara ya sauka Johanasbag kai tsaye, kamar awa shida ne. Ni na yi wayo na bi mai araha da ake canjin jirgi a hanya, na sauka akwatin kaya ya fito na bindiga bai fito ba, sai bayan kwana biyu ya iso, kuma dole ni da kaina in koma filin jirgi in karɓa don izinin da sunana yake, tafiyar fiye da awa uku zuwa, awa uku dawowa. Ƙarshenta da bindigar haya na harbi impala ta farko, tawa tana can tana yawon duniya. Na biya kuɗin akwati, na biya na takardu, na kuma biya haya.

Zuwa na biyu jakar hannu kawai na riƙa, na fito filin jirgi kamar mai zuwa biki.

Baba Sarkin Baka

Ɗana, ni ban taɓa hawa jirgi don farauta ba, iyakata dazukan arewa wajen Damongo da Salaga tun kafin a haife ka. Amma mu yadda muka taso maharbi ba ya aron bindiga kamar yadda ba ya aron wando. Kowace bindiga da halinta, wata tana kai harsashi hagu kaɗan, wata kunamarta tauri, wata taɓawa kaɗan ta tashi, mai ita ne kawai ya san wannan. Ta mahaifinka kuwa akwai albarka a jikinta. In da hali ka tafi da ita.

Abu ɗaya zan tambaye ka, yaushe rabonka da harba ta?

Ɗan Aboabo

Baba ka kama ni. Gaskiya an fi shekara shida ba a harba ta ba, mai kawai nake shafa mata. Harsashin ma guda goma sha huɗu suka rage tun na marigayi, ka san a nan na raiful ba ya samuwa kamar AA da BB na mai baki ɗaya da ake samu wurin dila.

Baba Sarkin Baka

To ai kai ma baƙonta ne ɗana. Na janye rabin maganata.

Sufeto mai ritaya

Hahaha Baba ya gama magana. Massa, abin da mutane ba sa ganewa ke nan, duk amfanin tafiya da bindigarka shi ne ka saba da ita, kafaɗarka ta san bugunta, idonka ya san madubin saitinta, yatsanka ya san inda kunama take sakewa. In babu wannan sabon to me ka ɗauko? Nauyi kawai da takardu. Harsashi goma sha huɗu tsofaffi, ranar farko za su kai ka filin gwaji don duk bindigar da ta sha jijjiga a cikin jirgi sai an sake duba saitinta, ka ƙona biyar ko shida a nan, saura tara ko takwas, kuma ba ka da tabbacin duk za su tashi tunda sun shekara da shekaru a cikin damshin Kumasi.

Ta haya kuwa kullum tana aiki, an saita ta da harsashin da za a ba ka, da yawansu ma suna da abin rage ƙara a baki, a can halal ne a doka kuma yana rage bugun kafaɗa sosai, wanda bai saba ba ya fi harbi daidai da ita. Amma kar ka karɓa ido rufe. Tun yanzu ka tura musu saƙo ka tambaya wace iri ce, wane harsashi take ci, wane madubi ke kanta, su turo hoto. In .308 ce ko .30-06 ko 7x57 duk lafiya. In kai bahago ne ka faɗa musu da wuri, don yawancin na haya na masu dama ne, kuma wannan yana cikin 'yan dalilan da zan ce mutum ya sha wahalar kai tasa. Sannan ka ce a rubuta maka kuɗin harsashi ɗaya, kar sai ranar tafiya a kawo maka lissafi.

Wani abu da Alhaji bai faɗa ba. A gonakin nan in ka harbi dabba ta zub da jini ta gudu ba a same ta ba, ka biya kuɗinta cif kamar ka kashe. Kuɗin kudu ɗaya ya ninka hayar kwana biyar ɗin nan sau da yawa. To ka ga dala ɗari biyun da kake jin zafinta ba ita ce babbar asara ba, babbar ita ce ka harbi kudu a ciki ko a cinya ya shige ƙaya ka dawo da rasit kawai. Kuma ba kai kaɗai za ka shiga daji ba, doka ce baƙo sai da maharbin da ke da lasisin raka baƙi, shi zai kafa maka sanduna uku ka ɗora bindiga a kai ka harba a tsaye, yawanci nisan bai wuce mita ɗari zuwa ɗari da hamsin ba don dajin Limpopo sarƙaƙiya ne. Ka sami gora uku ka ɗaure samansu da roba ka riƙa gwada tsayuwa a gida, ko da bindigar iska ce, zai taimake ka fiye da sunan da ke jikin bindiga. In ya ce bi ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na jiki, to nan za ka sa, kar ka kai saitin bayan wurin.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, Yuli hunturunsu ne, da asuba a bayan mota a buɗe sai ka rantse harmatan wasa ne.

Hajiya Maamobi

Ni ba maharbiya ba ce, maigidana ne ya je shekarun baya, ina karantawa ne kawai. Yayana ka tambaye su maganar abinci tun yanzu. Shi da ya je sai ya tarar ana gasa naman gadu da na impala a wayar gashi ɗaya, tsiran nasu ma wani ana haɗa shi da kitsen alade, kwana biyu yana cin burodi da ƙwai kafin su gane su ware masa. Ka riƙe wuƙarka mai kaifi a akwatin kaya, ka yi bismillah lokacin harbi, in kun tarar da rai ka yanka da kanka, malamai sun yi bayanin wannan a babin farauta, ka ƙara tambayar limaminku. Kuma kar ka yi wa mutan gida alkawarin nama, naman na mai gona ne, abin da kuka ci a can shi ne rabonka, ƙaho da fata kuma sai an gyara an turo daga baya da nasu kuɗin. Mu har yau ana mana tsiya a gida, wai mutum ya je har ƙasar Mandela farauta ya dawo da hoto, gara wanda ya je Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, da sidi ɗari biyu.

Alhaji na Nima

Hajiya ta faɗi gaskiya, ni ma sai da na ce a saya min sabuwar waya ta gashi.

Don kar a ce na kushe kai taka gaba ɗaya, akwai wanda ya dace da shi. Wanda yake harbi da raiful ɗinsa duk wata, ko zai yi sati biyu ko uku inda haya za ta taru, ko wanda zai riƙa komawa duk shekara ya riga ya san hanyar takardun. Namibiya ma an fi samun sauƙin shiga da bindiga, fom ɗin gajere ne a filin jirgin Windhoek ake gamawa, sai dai daga nan sai ka canja jirgi a wata ƙasa kuma nan ne ake samun matsalar. Amma zuwan farko, kwana biyar, da bindigar da ta shekara shida a kwance, haba Malam.

Af, na manta ban tambaya ba, lasisin Brno ɗin da sunan wa yake?

Ɗan Aboabo

Alhaji yanzu na kira gida aka duba min. Da aka raba gado sunan babban yayanmu aka sa, ni ajiya kawai take wurina.

Sufeto mai ritaya

To magana ta ƙare, ba za su ba ka izini a kan bindigar da ba sunanka ba, can ma da nan ma. Kuma don Allah tun kafin maganar tafiya ku gyara wannan, ko ta koma hannun Yaya ko ku je a mai da lasisin sunanka, zamanta a ɗakinka haka ba daidai ba ne a doka, in wani abu ya taso zumunci ba zai fitar da kai ba.

Ɗan Aboabo

Na gode ƙwarai Sufeto, Allah ya saka da alheri, ku duka na gode. Gobe in sha Allah zan kai ta gidan Yaya a Tafo mu yi maganar canjin sunan a hankali. Na tura wa masu gonar saƙo sun ce .308 ce mai abin rage ƙara, sun turo hoto, na ce su ƙara min kwali ɗaya na harsashi don gwaji ranar farko. Baba ka yi haƙuri, majanyin bindigar marigayi na fata shi zan cire in tafi da shi in ɗaura wa ta hayar, wannan dai na san ba ya buƙatar fom. Hajiya maganar wayar gashi ma na rubuta musu.