Manhajar kula da ma'aikata: me zan duba kafin mu saya?

Ɗan Kura: Salamu alaikum jama'a. Ni ke kula da ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano. Mun haura mutum sittin, wasu 'yan albashi, wasu leburori masu lodi da ake sallama kullum. Har yanzu da Excel da littafin sa hannu muke aiki, kuma duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki kan kuɗin obataya. Oga ya ce in nemo manhaja. Me zan duba?

Akantan Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Kada kwalliyar allo ta ɗauke maka hankali, fara da albashi. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Harajin PAYE kuma, wato wanda ake cirewa daga albashi, ya shiga hukumar harajin jiha kafin 10 ga watan gaba ya wuce. Ga kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Sannan tun Janairun 2026 naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu haraji. Manhajar da ba ta san waɗannan ba, ka koma gidan jiya, da hannu za ka riƙa gyarawa. Ka ba masu tallar lissafin watan da ya wuce, su shigar a gabanka, ka gwada da naka kwabo da kwabo. Ka kuma tambaye su: in doka ta sauya, wa zai sabunta, kuma da kuɗin wa?

Maman Ilham: Ɗan'uwa, ka lura da na'urar dangwala yatsa. A wurinmu masu ɗaukar buhu yatsunsu sun goge, sai mutum ya danna ya danna ta ƙi, layi ya kai bakin get. Dole muka koma mai duba fuska. A tabbatar tana ajiye bayani ko babu intanet ko an ɗauke wuta. Ta kuma yarda a sauya lokacin tashi ranar Juma'a da cikin azumi, ta iya cire bashin da ake ci kafin Sallah kaɗan-kaɗan.

Injiniya B.: Ku nemi farashi a naira, a rubuce. Masu caji da dala kan kowane ma'aikaci sun ba mutane wuya tun faɗuwar naira a 2023. Haka nan a iya taƙaita wanda zai ga albashin wani, don akwai dokar kare bayanai ta 2023. In kun raba gari da kamfanin manhajar, za su ba ku bayananku a Excel?

Ɗan Kura: Allah ya saka da alheri. Hajiya, su leburorin kullum fa, kun sa su a ciki ne ko littafinsu daban?

Maman Ilham: Daban. Yau wannan, gobe wancan, kuma kowane kai da ka sa a manhajar sai ka biya masu ita kuɗin wata a kansa. Shugaban lebura ke kawo jimilla da yamma, mu shigar a layi ɗaya.