Neman shawara: "cure", "treat" ko "heal", wanne ya dace da jimlata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, ina shirin sake zana jarrabawar IELTS, wato ta gwada ƙwarewa a Turanci. Hukumar NMC da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. Ni 6 na samu a rubutun, sauran kuwa alhamdulillahi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaɓen kalma. Na san abin da nake son faɗa, sai kalmomi uku su zo mini a tare, ƙamus kuma ya ce duk ma'anarsu ɗaya. Na rubuta: "Doctors cure diabetes with insulin." Wanda ke duba mini rubutu ya ja layi a ƙarƙashin "cure", bai ƙara komai ba. "Treat" zan sa ko "heal"? An kuma ce in riƙa zuba manyan kalmomi don maki ya hau, shi ya sa nake mayar da "buy" zuwa "purchase", "start" zuwa "commence". Don Allah ku taimaka, kuɗin jarrabawar nan ba wasa ba ne.

Malamin Turanci, Zariya:
Wa alaikis salam, 'yar'uwa. "Treat" za ki sa, kuma dalilin yana cikin aikinki na kullum. Kin san mai ciwon suga ba ya rabuwa da shi don an yi masa allurar insulin, ana dai lallaɓa ciwon ne. To "cure" na nufin an raba mutum da cutar gaba ɗaya, kamar zazzaɓin cizon sauro idan magani ya kama. "Treat" yin magani ne, ko an warke ko ba a warke ba. "Heal" kuwa ya fi tafiya da rauni, ƙuna, gyambo da karaya, abin da ke haɗewa da kansa: "the wound healed". Mai duba jarrabawa zai ga jimlarki daidai a nahawu, amma abin da ta faɗa ba gaskiya ba ne a likitance.

Maganar manyan kalmomi, wanda ya ba ki wannan shawara bai kyauta miki ba. Abu huɗu ake auna rubutun IELTS da su, kowanne kashi 25 cikin ɗari, sanin kalmomi ɗaya ne daga ciki. A bayanin maki 7, abin da ake nema shi ne a ga kin san salon da ya dace da kuma wace kalma ke tafiya da wace. Babbar kalma a gurbin da ba nata ba ragi take jawowa.

Nas a Ingila:
Ƙanwata, na bi ta wannan hanya, ki kwantar da hankalinki. Abin da ya fi kama mu Hausawa kalmomi biyu ne, "ji" da "sha". Mu muna jin magana, mu ji zafi, mu ji wari, mu ji Turanci. Su kowanne da tasa: "hear", "feel", "smell", "understand". Haka muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, su kuwa "drink water", "take medicine", "smoke". Ƙwayar magani ba a ce mata "drink". Zazzaɓi mai zafi "high fever" ne, ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain".

Ki kuma kiyayi "put to bed". A gida idan an ce "she put to bed" kowa ya san haihuwa ta yi. A nan kwantar da yaro ya yi barci ake nufi, kuma sai an ambaci wanda aka kwantar. "Gave birth" za ki rubuta.

Ɗalibin jami'a, Sakkwato:
Anti, da girmamawa, ni ban yarda a riƙa kiran Turancinmu kuskure ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya. Akwai "okada", akwai "Kannywood", akwai "next tomorrow", har da "put to bed" ɗin da kika ambata da "severally" a ma'anar sau da yawa. Tunda su da kansu sun karɓa, me zai sa mu tsorata?

Malamin Turanci, Zariya:
Gaskiyarka, ɗana, an shigar da su, kuma na yi murna da hakan. Sai dai ƙamus ɗin ya rubuta cewa na Najeriya ne. Wanda zai duba takardar 'yar'uwarmu, idan ya ga "the patient complained severally", abin da zai fahimta shi ne "ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa", don ma'anar da ya sani ke nan, a takardun shari'a. "Several times" ya ishe ta. Gobe kuma bayanin mara lafiya za ta rubuta wa likitan da bai taɓa zuwa Najeriya ba, wurin da rashin fahimta kan iya cutar da rai.

Bari in koma kan "purchase" da "commence", don na ga abin yana damun ɗalibai da yawa. Bayan Normawa daga Faransa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnoni, Latin kuma na coci da ilimi. Shi ya sa Turanci ya tara kalmomi bibbiyu ko uku-uku a kan abu guda, ta gida da ta aro. Ta aron ce yawanci ke da nauyin ofis. Mu ma muna da irin wannan: akuya ta mutu, maƙwabci ya rasu, babban malami ya yi wafati. Ba wanda zai ce akuyarsa ta yi wafati. To haka "I commenced my breakfast" ke sauka a kunnen Bature. A bar "commence" wa taro da zaman kotu.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Malam da Anti, na gyara. Sauran tambaya biyu. Idan ba mai duba mini, ta yaya zan gane kalmar da ta dace? Sannan "borrow" da "lend" har yanzu suna rikita ni.

Mai aikin fassara, Kaduna:
Hajiya, ki canza ƙamus tukuna. Wanda ke jera miki kalmomi masu kama da juna ba ya gaya miki inda kowacce ke zama. Ki nemi na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary. Asalinsa aikin A. S. Hornby ne, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya lura cewa abin da ke wahalar da ɗalibansa shi ne yadda ake jera kalma cikin jimla. Yana nan kyauta a intanet, shi da na Cambridge da Longman. Idan kin buɗe kalma, ki wuce ma'anar, ki karanta jimlolin misali da ƙarfi.

Ki samu ɗan littafi, kada ki rubuta kalma ita kaɗai. Rubuta ta da abokiyar tafiyarta: "make a mistake", "do homework", "take a temperature", "suffer from". Dubi "yi" ɗinmu guda, su sun raba shi "make" da "do". Shafin intanet na NHS, hukumar kiwon lafiya ta Birtaniya, kan ciwon suga da hawan jini ma zai amfane ki, Turancinsa mai sauƙi ne kuma na fanninki.

"Borrow" da "lend" kuwa, "ara" ce ke ruɗa mu, don da ita muke cewa "na ari biro" da "na ara masa biro". Ki duba hannun da abin ya nufa. Idan wurinki ya zo, "borrow" ne, yana tafiya da "from". Idan daga hannunki ya fita, "lend" ne, yana tafiya da "to". Saboda haka "ara mini bironki" shi ne "lend me your pen", ko "can I borrow your pen?" Ki rubuta jimla biyar da kowanne ki turo, zan duba miki bayan sallar isha'i in sha Allah.